Shuni a Goshin Sayyid

Ranar da katafila ta shigo layinmu a unguwar Hindawiyya ta Jidda, abu ɗaya na ce ba zan bari ba ko da za a rushe ginin a kaina: gungumen bugun Babana. Mu huɗu muka ɗauko shi, kuma har yau ƙuguna bai yafe mini ba. Matata na tsaye a bakin mota tana cewa, "Alhaji, mutane na kwasar firji da mukayyif mai sanyaya ɗaki, kai ka rungumi itace?" Na ce mata wannan itacen ya girme ta, ya girmi firjin, ya kuma fi duk danginta sanin sirrin manya. Yanzu yana falonmu a sabon gida, talabijin ce zaune a kansa. In na kunna labarai na ga masu rawani sun jeru a dogon tebur ana ɗaukarsu hoto, sai in ji kamar gungumen na motsi a ƙasa yana son ya sa baki. Tun da shi ba shi da baki, ni kuma Allah ya ba ni na mutum uku, bari in faɗa a madadinsa.

Babana wanki da guga yake yi. A ƙafa ya taso daga Kura yana saurayi, ya yi shekaru a hanyar Sudan, ya sauke farali, sai Jidda ta riƙe shi kamar yadda ta riƙe ire-irensa. Ni a nan aka haife ni, ban taɓa ganin Kura ba, amma a bakin Baba ta fi Istambul girma, kuma ramukan marinarta sun fi teku zurfi. Shagonmu ɗaki ɗaya ne, da rufin da muke shanya a kai. Abin da ya raba mu da sauran masu wanki shi ne bugu. Su dutsen guga kawai suka sani. Baba kuwa in riga ta yi masa kyau a ido sai ya shimfiɗa ta a kan gungume, ya zauna a gefe ɗaya ni a ɗayan, kowa da gudumarsa ta katako, mu yi ta saukewa bi da bi, dum, dam, dum, dam, har yadi ya kwanta ya ɗauki sheƙi. Da hantsi duk unguwa na jin mu. Jakin mai tallar ruwa kan daidaita takunsa da bugunmu, mai dafa wake a bakin layi kuma ya ce da sautinmu yake sanin lokacin buɗe tukunya. Yau in ka shiga gidan wanki, inji za ka ji yana gurnani kamar raƙumi mai ciwon ciki, a miƙo maka riga a leda, ba ka san hannun da ya taɓa ta ba. Baba ya san kowa ta wuyan rigarsa. Yakan ce mini, "Kai, duba nan. Wannan bawan Allah yana da damuwa, ga inda yake yawan ja."

A irin wannan hantsin Sayyid ya fara zuwa. Haka mahajjatan da yake wa jagora suke kiransa, mu ma muka bi. Mutumin Iraki ne, dogo siriri, da baƙin rawani da wata alkyabba da ta ga duniya ta gaji. Ba a ƙasarsu yake zaune ba, don mai gashin bakin da ke mulki a lokacin ya sa ta yi wa irinsu zafi. Wata shekara ya sauko daga Sham, wata daga Iran, da 'yan tsofaffinsa da yake koya wa aikin hajji. Wanki ya kawo, sautin bugu ya tsayar da shi, Baba ya miƙa masa shayi, shi ke nan. Kowace shekara sai ya zo ya zauna a kan buhun kayan wanki kamar kujerar gadonsa ce. Sukarin da yake zubawa a ɗan kofi ɗaya, wallahi cokali kan tsaya a ciki da ƙafarsa. Larabcinsa na littafi ne, na Baba kuwa na kasuwa ne da ya karye a wuri bakwai, amma sai su yini suna hira, kowa na gyaɗa kai, ban san abin da ɗaya ke ji daga ɗaya ba.

Mu a lokacin ba mu san wani abu wai shi Shi'a ba, sai dai jin suna, kamar yadda ake jin sunan gari mai nisa. Ranar farko da azahar ta same shi a shago, ya tayar da salla ya saki hannuwansa a gefe. Baba ya taɓo ni da gwiwar hannu, ya ce a hankali, "Ka gani? Sadalu. Namu ne." Don shi ma haka yake sallarsa, kuma ya sha harara a masallatan garin nan saboda ita. Da Sayyid ya ciro wani ɗan yumɓu mai faɗin sabulun otal ya ajiye inda goshinsa zai sauka, na zuba masa ido kamar zan haɗiye shi. Yana sallamewa na tambaya. Ya ce ƙasa ce daga wajensu, suna son goshi ya taɓa ƙasa ba shimfiɗa ba. Baba ya riƙe baki. "Mutum ya sako ƙasar garinsu a aljihu! Ni me ya hana ni wannan dabarar?" Ƙarshen binciken aƙida ke nan a shagonmu. Yau kuwa samarin da ba su iya wanke wandonsu ba, ka ba su waya na ɗan lokaci sai su raba maka musulmin duniya gida-gida, su faɗa maka wanda zai shiga wuta har da lambar ƙofarsa.

Shekarar da abin ya faru ina da gemu ƙwaya bakwai, kullum ina ƙirga su. Sayyid zai hau Makka, ya ɗaura harami, ya bar mana rawaninsa mu wanke kafin ya dawo. Da muka warware shi a kan rufi, tsawonsa ya kusa kai Madina. Baba ya ɗaga shi a rana ya ja tsaki. Baƙin ya koɗe, ya koma kamar bayan tsohon jaki.

"Malami kamar wannan," in ji Baba, "kuma sharifi, yana yawo da wannan a ka? A Kura ko mai unguwa ba zai yarda ba."

Ya shiga ƙuryar shago ya fito da wani gwangwani da ban taɓa ganin ya buɗe ba. Garin shuni ne na gida, wani alhaji ya kawo masa tsaraba, yake ɓoyonsa kamar zinariya. Ya ce za mu mayar wa baƙonmu rawaninsa ɗan Kura, irin wanda sai manyan mutane ke naɗawa. Muka rina, muka shanya, ya kwaɓa shunin da ɗan kitse, muka yi ta buga shi cikin yadin. Kwana uku muna bugu. Hannuna ya kumbura ya yi kamar burodi. Amma da muka gama, subhanallahi! Baƙi ne, amma in rana ta taɓa shi sai ya yi walƙiya, ja-ja, shuɗi-shuɗi, kamar wuyan tattabara. Za ka ga fuskarka a ciki har ka gyara gashin baki. Abin da Baba ya sani sarai, bai kuma ga aibunsa ba, shi ne irin wannan rawani yana zuba. A can gida shunin da ya bi goshin mutum shi ne adon, da shi ake gane ba jabu ka naɗa ba. Bai taɓa zuwa masa a rai cewa akwai ƙasar da ba a son haka ba.

Sayyid ya dawo daga Mina kai a aske ƙwal. Ya ga rawani, ya ce masha Allah sau uku, ya zauna ya naɗa shi a gwiwarsa yadda suke yi, falle bisa falle, sannan ya ɗora a ka ya fita ya raka tsofaffinsa sayen tsaraba. Wanda ya san Jidda ya san zufarta, nan ko kifi gumi yake yi. Kafin la'asar sai ga shi ya dawo. Goshi shuɗi, kunnuwa shuɗɗa, gemu na ɗiga, farar rigarsa ta ciki kamar an yi ɓarin tawada. Har kuliyoyin unguwa sun bar bola sun tsaya kallo. Ya ciro ɗan yumɓun nan ya nuna mana. Shi ma ya ɗauki tambari, daidai wurin goshi.

Na ce a raina yau kashinmu ya bushe. Baba kuwa ya miƙe yana murna. "Ya kama! Wallahi ya kama da kyau!"

"Ya Hajji," in ji Sayyid, "me na yi maka?"

"Girma na ba ka," in ji Baba. "A garinmu sai mutum ya sayar da bijimi yake samun irin wannan goshin."

Sayyid ya dube shi, ya ɗauki tiren shayi ya dubi fuskarsa a ciki, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya zame daga kan buhu ya zauna a ƙasa, hawaye na tsaga shunin a kumatunsa layi biyu. Ɗaya daga cikin tsofaffinsa ya gaya mini daga baya cewa tun da aka tafi da ƙannensa biyu ba a dawo da su ba, ba wanda ya ga haƙorinsa sai ranar.

Ni aka sa na wanke masa kai. Sabulu uku muka ƙarar, duk da haka ya tafi da saura a bayan kunne. Rawanin kuwa ya ce ba zai tafi da shi ba. "Inda nake zaune baƙo ne ni, ya Hajji, kuma baƙo ba ya walƙiya. Riƙe mini amana. Ranar da Allah ya mayar da ni garinmu Najaf zan zo in karɓa, da shi zan shiga gari." Baba ya naɗe shi a takardar siminti mai kauri ya ɗaure da zare. Shekara ta zagayo Sayyid bai zo ba, ta bayanta ma haka. Daga baya hannun Baba ya fara rawa, muka rufe shago, na koyi tuƙi na samu aiki wurin wani kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, a unguwar Abhur, ina kai iyalinsa kasuwa da bakin teku. Da ciwon ajali ya kwantar da Baba, bai bar mini gida ba, bai bar mini gona ba. Hannuna ya kama ya ce, "Rawanin mutumin nan. Kada ka bari in tashi da shi a wuya."

Sai aka yi yaƙin Iraki. Muka kalla a talabijin kamar kowa, mai gashin baki ya faɗi, gumakansa suka bi shi. Da ƙura ta ɗan lafa muka fara ganin abin da ba mu saba ba. Masu rawanin da a da suke ɓuya, yanzu su ne a sahun gaba. Tsoho ɗaya daga cikinsu ya yi magana daga wani lungu, titi ya cika. Ya ce a koma gida, titi ya bushe. Ya ce a fita zaɓe, sai ga mata da maza sun fito suna ɗaga yatsa da tawada shuɗiya. Ministoci na cire takalmi a ƙofar malamai. Maƙwabtan ƙasar kuma kowa ya miƙo hannu, na gabas ya ce 'yan'uwansa ne, na arewa ya ce ruwan kogunan daga wajensa yake gangarowa, sauran suka ce su ma ba za su zauna kallo ba. A bencin da muke shan shayi a bakin layi kowa ya zama masanin siyasa. Abokina Bahaushen Sudan da muke kira Zol don kowa "ya zol" yake ce masa irin na Sudan, wanda in ka sake shi a unguwar Bani Malik da ke nan cikin gari sai an yi cigiyarsa, shi ke zana mana iyakokin ƙasashe da ruwan shayi a kan tire. Ni dai mamaki ke cina: yaya mutumin da ba shi da soja, ba shi da ofis, sai tabarma da littattafai, zai fi mai tankar yaƙi faɗa a ji? Ina cikin wannan mamakin wata rana ana cin abincin rana sai ga Sayyid a allo. Gemu ya yi fari, an jera masa makirfo kamar itacen girki. Na yi ihu har matata ta saki ludayi.

"Wannan ai na taɓa wanke masa kunne!"

"Rufa mana asiri, Alhaji," ta ce. "Kada ka sake faɗin haka a waje."

Da gaskiyarta. Ni haifaffen Jidda ne, amma a takarda baƙo ne. Iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, da sa hannun kafili take rayuwa, shekara-shekara ake sabunta ta, da ita 'ya'yana ke zuwa makaranta. Sunan nan na Shi'a kuma da a da yake kamar gari mai nisa, ya zama kalmar da ake rage murya kafin a faɗa. A ce an ga direban wane yana shige da fice wurin malamin siyasar wata ƙasa? Ba sai an kai ni ko'ina ba. Ya isa kafili ya ce halas, an gama, sai ga ni a jirgi zuwa Kura, in je in auna zurfin marina da idona.

Shekaru kaɗan bayan haka direbobi 'yan'uwana suka kawo labari cewa manyan Iraki sun sauka a wani otal na bakin teku, za su yi zama su wuce umra, har da Sayyid a ciki. Kwana biyu ina kewaya akwatin da ƙunshin yake. Matata ta ce a ba wani ya kai. Zol ya ce, "Ya zol, jefa shi a teku, Allah ya ga niyyarka." Amma duk sanda na rufe ido sai in ga Baba da rawani a wuya. Ban da haka, in faɗi gaskiya, ina so in sani: mutumin da ministoci ke cire wa takalmi, zai tuna buhun wanki?

Dabarar da na yi ita ce wadda na gada. Na bar motar kafili inda take, na sa tsohuwar rigar aiki, na saɓa ƙunshi a kafaɗa da hantsi. A garin nan akwai mutumin da ido ba ya gani, shi ne baƙin mutum ɗauke da wanki. Na wuce ƙofa uku ba wanda ya ɗaga kai. A ta huɗu, can bene na sama, wani ƙato mai waya a kunne ya tare ni.

"Mene ne wannan?"

"Wankin Sayyid."

"Yaushe aka bayar?"

"An ɗan jima," na ce. "Mun yi latti."

Ya kwance zaren, ya ga walƙiya, ya shafa, ya dubi tafinsa ya ga shuɗi, ya ja da baya kamar ya taɓa maciji. Nan da nan mutum uku suka kewaye ni. Ɗaya na yi mini tsawa da Larabcin Iraki, ɗaya na magana da Farisanci a waya, na ukun bai ce uffan ba sai rubutu, shi ya fi ba ni tsoro. Na ji iƙamata na narkewa a aljihu. Hayaniyar ce ta sa aka buɗe ƙofa. Sayyid ya leƙo, ya dubi tafin ƙaton, ya dubi takardar siminti, ya dube ni. Sai ya kai hannu bayan kunnensa.

"Ɗan Hajji," ya ce. "Har yanzu in na yi wanka sai na duba."

Ya ja ni ciki ya ce a bar mu. Ba a bar mu ba, biyu suka shigo suka jingina da bango. Ya tambayi Baba, na gaya masa. Ya ɗaga hannu ya yi masa Fatiha. Aka kawo shayi, na lura nasa ba sukari, ya ce likita ne ya hana.

"Sayyid, ka koma Najaf?"

"Na koma."

"To ga amanarka. Ka ce da shi za ka shiga gari."

Ya ɗora rawanin a cinya ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya rage murya. "Ɗana, lokacin da ba ni da ƙasa, na yi yawo a kasuwar Jidda da shuɗin goshi, abin da aka yi kawai dariya. Yau in na fita da wannan, kafin magariba manyan birane uku sun bugo waya suna tambaya shuɗin nan na wane ne. Duk gidan da na kwana ina gudun hijira, yanzu maigidan yana da kujera a falona." Ya ɗan karkata ido wajen bango. "Gidan babanka kaɗai ne ya aiko mini da abu bai haɗo da mutum ba."

Na ce, "To ni mene ne, Sayyid, jaki?"

Dariyar nan ta dawo. Ba duka ba, kamar rabinta, amma ita ce. Na jikin bango suka dubi juna, ina jin ba su san yana da ita ba.

"Amma ka karɓa?" na ce. "Don in sauke wa tsoho."

"Na karɓa. Ka shaida, su ma da ba su da aiki sai saurare su shaida." Ya ce zai riƙa naɗa shi a ɗakin littattafansa in ya rufe ƙofa. Sannan ya cusa yatsansa cikin ninkin rawanin, ya danna da ƙarfi, ya ciro ya nuna mini. "Wannan kuma na Hajji ne. Ba zan sa masa sabulu ba."

Mai rubutun nan ya raka ni har bakin bene, ya tambayi sunan shagonmu da inda yake. Na kwatanta masa tiryan-tiryan: Hindawiyya, bayan mai wake, a hannun dama. Ban dai gaya masa cewa an rufe shi tun kafin ya fara gemu ba. Da yamma na koma Abhur, kafili ya kira ni, na je. Ya dubi hannuwana ya ce, "Me ya same ka haka?" Na ce wanki na kai. Ya ce, "Yalla, je ka wanke kafin ka taɓa mini sitiyari." Da lokacin sabunta iƙama ya zo ya sa hannu bai ko ɗaga kai ba.

Washegarin zuwana otal muna benci, talabijin ɗin mai shayi na kunne, sai ga Sayyid a gaban makirfo da tsohon irin rawaninsa marar walƙiya. Ya ɗaga hannu zai yi bayani, yatsa shuɗi fes. Zol ya yi tsalle. "Kun gani? Tawadar zaɓe! Saƙo yake aika wa maƙwabta!" Wani ya ce a'a, da na gabas yake, wani ya rantse da na arewa yake. Aka yi ta musu har shayi ya huce, har aka zana sababbin iyakoki a kan tire. Ni mai bakin mutum uku, ranar ko ɗaya ban buɗe ba, na cusa hannuwana a aljihu ina sauraro.

Da na koma gida na jawo gungumen daga bayan ƙofa, na lalubo tsohuwar guduma, na sauke masa sau biyu. Dum, dam. Matata ta leƙo daga kicin ta ce, "Alhaji, lafiya? Wa kake kira?"

Na ce, "Baba nake gaya wa an kai wanki."